Kayan da Baba Ya Ɗaure

Abin da na fara gani a Girenobul ta ƙasar Faransa duwatsu ne. Duk titin da na bi sai in tarar da dutse tsaye a ƙarshensa, kansa fari fat da ƙanƙara. Ni da na tashi a Matameye, inda in ka hau soro kana hango gonakin hatsi har hanyar Kance, sai na ji kamar an sa ni cikin ƙwarya an ajiye. Akwati ɗaya ne a hannuna, sai rigar sanyin da na saya a gwanjo a Damagaram, wadda mai ita ya rantse mini har Rasha za ta kai ni. Ko bakin tashar jirgin ba ta kai ni ba haƙorana suka fara kaɗawa.

Shekara ɗaya aka ba ni, ba ƙari. Wata shida a aji, wata shida a labo, ɗakin bincike ke nan, sannan sutenans, wato ranar da ɗalibi ke tsayawa gaban malamai ya kare aikin da ya yi. In na ci, in koma gida da takarda, ga alkawarin aiki yana jirana a Yamai. In na faɗi, ba maimaici: takardar zamana ta ƙare, in tattara in koma hannu rabbana. Kuma ba komawar ce ke ba ni tsoro ba, inda zan sauka ne. Duk motar da ta shigo Matameye a tasha take tsayawa, a tashar nan kuwa babana yake aiki.

Baba, Malam Habu, ɗan kamasho ne. Shekara talatin da wani abu yana kan benci ɗaya a gindin dogon yaro, yana raba fasinja tsakanin motocin Damagaram. A takardun makarantar Faransa, wurin da aka ce sana'ar uba, na rubuta "mai motocin haya". Ko keke Baba bai mallaka ba. Na rubuta, na sa hannu, ko a jikina. Yanzu ne in na tuna kunya ke kama ni. Ni ne kuma ɗansa na fari, shi ya sa tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Kowa Lawali yake kirana, shi kuwa "kai" ne, ko "yaron nan". Da na tafi ma ba ma waya da shi. Ƙanwata Zuwaira nake kira, ta kai gaisuwa ta dawo da amsa, amsar kuma ba ta canzawa: "Baba ya ce ka riƙe salla."

Watannin aji ba su da labari sai sanyi da kewa. Satin farko na gai da maƙwabcina a matakala, na tambaye shi iyali, na tambaye shi gajiya, ya dube ni kamar na zo tallar magani. Daga nan na koyi gaisuwar kalma ɗaya. Ranar kasuwar garinmu ce ta fi ba ni wahala. Ina zaune a aji malami na bayani, ni kuwa hankalina na can wajen amalanken shanu masu shigowa daga Dawce, da masu rake, da hayaƙin tsire, da muryar Baba tana tashi sama da ta kowa: "Damagaram mutum biyu!" Wallahi akwai ranar da na shiga kanti na tsaya gaban abincin tsuntsaye, don na ga hatsi a ciki.

Da aka gama aji aka tura ni labo, hannun wata malama, Madam Kilodin, mace siririya mai saurin tafiya da saurin magana. Ranar farko ta kai ni wani ɗaki mai sanyin tsiya da ƙugin fankoki, ta nuna mini wani baƙin akwatin ƙarfe da ya fi ni tsawo. Ta ce wannan injin zukata sittin da huɗu gare shi. Zuciya suke ce wa kowane ɗan sashen da ke yin lissafi a cikin kwamfuta. Kowace zuciya aiki ɗaya take iya riƙewa a lokaci guda, ayyuka kuwa tururuwa suke yi. Don haka a cikin tsarin da ke tafiyar da injin akwai mai rabo: shi ke cewa aiki kaza ya tafi zuciya kaza, in kuma ya ga layi ya yi tsawo gaban wata alhali wata na zaune, ya ɗebi wasu ya mai da su can.

"Aikinka ka daidaita mai rabon nan," in ji ta. "Sau nawa zai duba, kuma bambanci ya kai yaya kafin ya ɗauke aiki daga inda yake. Ina so injin ya gama ayyuka da yawa, ina kuma so kada wani aiki ya daɗe yana jira. Duka biyun nake so."

Na ce mata ba matsala. A raina har dariya na yi, na ce wannan ai rabo ne, mu kuwa da rabo muka tashi.

Injin ɗaya ne, mu ɗalibai biyar, kuma mai gwaji shi kaɗai zai hau, in ba haka ba awon ya lalace. Akwai allo a bango inda kowa ke rubuta sunansa da awoyinsa. Wani ɗalibi, Buruno, shi ya fara yi mini fara'a a ƙasar nan. Ya nuna mini inda ake cin abinci, ya ce duk abin da ya shige mini duhu in tambaye shi. Sai na fara zuwa ranar layina in tarar an goge sunana an sa nasa. Ya ce ai haka ake yi, wanda aikinsa ya fi gaggawa shi ke hawa, Madam ta sani. Na yarda. Ni kuma an hore ni baƙo ba ya kai ƙarar ɗan gari, sai na yi ta haɗiyewa. Sati uku na yi ban taɓa injin ba, shi kuwa kullum da murmushinsa yake gaishe ni.

Wanda ya gano abin wani dattijo ne ɗan Aljeriya mai kula da ɗakin injuna, Ammi Rabah muke ce masa. Azumi ya kama, ya lura ba na fita cin abincin rana. Ya zo ya tsaya a kaina ya tambayi abin da ya hana ni hawa injin, na ce an ba wani layina, kuma Madam ta sani.

"Ɗana, wa ya ce maka Madam ta sani?"

Na faɗa masa. Ya girgiza kai, ya ɗauko alƙalamin da ba ya goguwa, ya rubuta sunana a awoyi biyun tsakar rana, tun daga ranar har ƙarshen wata.

"Su suna can suna ci, kai kana azumi, injin yana zaune. Hau abinka."

Buruno ya zo ya gwada yatsa a kan rubutun, ya ƙi fita. Tun daga ranar ya daina yi mini murmushi, ni kuwa ban yi kewarsa ba.

To, kuskuren da ya kusa kai ni ƙasa ba na Buruno ba ne, nawa ne. A garinmu in an yi watanda, an haɗu an sayi sa an yanka, mahauci kan kasa naman kashi-kashi, ya ja da baya ya duba, ya ɗauki tsoka daga nan ya mayar can, ya sake dubawa, har sai ba mai iya cewa wancan kashin ya fi nasa. Wannan shi na sani da rabo na gari. Haka na yi wa injin. Na sa mai rabo ya riƙa dubawa ba ƙaƙƙautawa, da ya ga wata zuciya ta fi wata ko da aiki ɗaya ya ɗauke ya daidaita. Da zanen sakamakon ya fito, zukata sittin da huɗu kansu ɗaya kamar an sa zare an auna. Na buga shi a takarda mai launi na kai wa Madam ina tafiya ina jin kaina.

Ta duba ta ce ya yi kyau. Sai ta tambaye ni ayyuka nawa injin ya gama. Ban ma duba ba. Muka duba tare, sai ga shi ya fi yadda na same shi jinkiri, nesa ba kusa ba.

Ta zaunar da ni ta ce kowace zuciya tana da ɗan rumbunta a kusa, inda take tara abin da aikin da ke hannunta yake bukata. In ka ɗauke aikin ka kai wata zuciya, abin da aka tara ya tashi a banza, sai an sake ɗebowa daga babban rumbu mai nisa. Zukatan ma gida biyu ne a cikin injin, kuma ƙaura daga gida zuwa gida ta fi tsada. Ni na sa ayyuka sun wuni suna ƙaura, ba mai zama ya yi abin da ya kawo shi. Shi kansa mai rabon, yawan zagayen da yake yi yana cin lokacin da ya kamata a yi aiki da shi.

Raina ya ɓaci, na koma na yi abin da mai fushi ke yi: na ɗaure mai rabon tamau, na ce kowa ya zauna inda aka fara ajiye shi. Yawan ayyukan da ake gamawa ya farfaɗo, amma sai ga wasu zukata suna hamma, wasu kuma layi har baya, akwai aikin da ke jira kamar an manta da shi. Na sassauta, wancan ya lalace. Na matse, wannan ya lalace. Sati shida ya rage a yi sutenans. Madam ta ce mini, ba da faɗa ba, in ba ni da abin nunawa nan da sati biyu ba za ta sa sunana cikin masu tsayawa ba. Na fita na zauna a bakin kogin garin ina hango kaina ina sauka a tashar Matameye, 'yan kamasho na tambayata ina takardar.

Ana cikin haka salla ta zo. Garin ko alama babu, motoci na ta wucewarsu, kantuna a buɗe. Na dawo daga idi da babbar rigata a ƙarƙashin rigar sanyi na wuce labo. Ammi Rabah ya kira ni ɗan ofishinsa, ya buɗe gwangwani cike da wani abin zaƙi na dabino da matarsa ta yi, ya zuba mini shayi mai na'ana'a. Muna sha ya ce, "Babanka aikin me yake yi?"

Ƙaryar da na saba ta zo har bakina. Amma mutumin da ya ba ka awoyinsa, ya ba ka abincin gidansa ranar salla, da wane ido za ka yi masa ƙarya? Na ce ɗan kamasho ne. Bai gane ba, na shiga yi masa bayani: da yammacin ranar kasuwa motoci uku ko huɗu ke lodi a lokaci guda, jama'a su yi dafifi a kan wata, wata na tsaye ba kowa, Baba ya riƙa cewa kai sauko ka koma can, ke zauna inda kike. Ina cikin bayanin na ga ashe aikin mai rabon injin nan nake siffantawa. Ammi Rabah ya ajiye kofinsa ya dube ni.

"Wato shekara talatin yana aikin da ya gagare ka wata uku. Ka tambaye shi kuwa?"

Na ce a wurinmu ɗan fari ba ya zama hira da ubansa. Ya ce, "Ai ba hira za ka yi ba, karatu za ka ɗauka."

Kwana biyu ina juya abin. Rana ta uku bayan azahar na kira Zuwaira na ce ta kai salula tasha. Ta ce, "Yaya, lafiya dai ko?" Na ce ta kai kawai. Ina jin takunta, sannan hayaniyar tasha ta cika mini kunne, ƙahon mota, mai tallar ruwa, wani na rantsuwa a kan buhu. Hawaye suka zo mini tun kafin ya karɓa.

"Wa ya rasu?" Abin da Baba ya fara cewa ke nan.

"Ba kowa, Baba. Tambaya gare ni a kan aikinku."

Ya ce, "Kai da ka tafi ƙasar Nasara, tashar Matameye ce za ta koya maka?"

"Ita ce, Baba. In mota ɗaya ta cika da jama'a wata na tsaye, wa kuke saukewa?"

"Wanda jakarsa ke bisa cinyarsa mana. Wannan ko sau uku ka tashe shi ba a yi asarar komai ba. Amma wanda an riga an ɗaure buhunansa a saman mota, an ɗora na wasu a kai, an ja igiya, ka bar shi. Kafin a kwance a sauke a sake ɗaurawa, motar da yake ciki ta kai Takeita."

"Ko da ya daɗe yana jira?"

"A'a, wannan kuma daban. In tsohuwa ta zauna tun azahar har aka yi la'asar, ko buhu goma ne a kan nata sai an kwance. Direba ya yi ta ƙunƙuni, ba ruwana."

Na tambaye shi in motar da ba kowa tana can ƙetaren titi fa. Ya ce don mutum ɗaya ko biyu ba ya sa a tsallaka titi da kaya, sai in bambancin ya yi yawa. Na ce sau nawa yake zagayawa ya duba. Nan ne ya yi dariya, dariyar da na daɗe ban ji ba.

"In na wuni ina zagaye wa zai sallami mota? Ina zaune abina. In mota ta tashi, ko wata ta shigo ba kowa, sannan in miƙe. Ban da haka jefi-jefi nake leƙawa."

"To Baba, yaya ake yi kowa ya ji daɗi?"

"Ba a yi. Shekara talatin ban taɓa tashi daga bencin nan kowa na gode mini ba. In na kyauta wa direba mai jira ya zage ni, in na kyauta wa mai jira direba ya zage ni. Kai dai ka san wanda ka sa ya jira, ka san dalili. Ranar kasuwa da sauran ranaku ma ba ɗaya ba ne." Sai na ji ya ɗaga murya yana ce wa wani a kawo igiya, sannan ya dawo. "Shi ke nan? To, ka riƙe salla."

Abin da ya faɗa shi na zauna na koya wa injin. Aikin da bai daɗe da sauka daga zuciya ba, rumbunsa na nan cike, kayansa a ɗaure suke, a bar shi. Wanda jiransa ya wuce iyaka a ɗauke shi ko ta halin ƙaƙa. Tsakanin zukatan gida ɗaya a yi ƙaura da sauƙi, zuwa ɗaya gidan kuwa sai bambanci ya yi girma. Mai rabo ya rage zagaye, amma duk zuciyar da hannunta ya zama ba komai ta je ta nemo aiki da kanta. Ba wai na ƙirƙiro sabon abu ba ne, maɓallan nan duk suna cikin tsarin tun da; ni ne ban san me nake murɗawa ba. Zanen da ya fito ba shi da kyan gani, wasu zukata sun fi wasu tsawo. Amma ayyuka sun gudana, kuma ba wanda aka manta a layi. Madam ta duba ta sake dubawa, ta sa sunana.

Ranar sutenans malamai uku ne a gabana. Wani mai farin gemu ya ce duk ya ji, amma in faɗa masa lamba ɗaya da za a sa wa injin a huta. Na ce babu ita. In ana son a gama ayyuka da yawa, a rage ƙaura, a yarda wasu za su ɗan jira. In kuwa injin na amsa wa mutane ne da ke zaune suna sauraro, a yarda da ƙaura, a yi asarar wani abu daga yawan. Na ce ya fara gaya mini wanda ya yarda ya jira, sannan in ba shi lamba. Ya ce a wane littafi na samo wannan. Na haska hoton da Zuwaira ta aiko mini: dogon yaro, benci, motoci uku da kaya a sama, da wani dattijo riƙe da igiya. Na ce wannan babana ne, ɗan kamasho ne a tashar Matameye, ba shi da mota ko ɗaya. Ammi Rabah na can kujerar baya yana gyaɗa kai. Na ci.

Kwana uku kacal na samu a gida kafin in kama aiki a Yamai. Da na miƙa wa Baba takardar ya goge hannunsa a riga ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya ce madalla, ya ba Zuwaira ta kai ciki. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma kwana ukun nan ba mu zauna wuri ɗaya ba.

Ranar tafiya na iso tasha da hantsi. Akwatina na riga na aika, 'yar jaka ce kawai a kafaɗata. Motoci biyu ke lodin Damagaram: ɗaya saura mutum ɗaya ta tashi, ɗayar kuwa fasinja uku ne a ciki. Abokin aikin Baba, Sani Dogo, ya hango ni ya ɗaga murya: "Lawali, ka yi sa'a, ga wuri ɗaya! Shiga ku tafi."

Na nufi motar. Sai na ji an zare jakar daga kafaɗata. Baba ne. Bai dube ni ba, ya wuce da ita wajen motar da ba kowa, ya taka taya ya hau da tsufansa, ya ɗora 'yar jakar nan a sama ita kaɗai, ya ja igiya ya yi mata ƙulli uku kamar buhun hatsi. Ya sauko yana kakkaɓe hannu.

"Sani, nemi wani. Wannan kayansa a ɗaure suke."

Sani Dogo ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi jakar, ya dubi Baba, ya juya yana kiran Damagaram mutum ɗaya. Kwamfutata na cikin jakar rana na dukanta, na bar ta a can. Baba ya koma bencinsa, ya matsa gefe ya bar wuri. Na zauna.

Motar ba ta cika ba sai bayan la'asar. Ba wata maganar kirki muka yi ba. Ya saya mini rake, ya nuna mini direban da ba a yarda da birkinsa ba, muka yi azahar sahu ɗaya. Fasinja biyu sun zo da jaka a hannu, na ga ya tura su wata motar da ta shigo daga baya, na yi kamar ban gani ba.

Damina biyu bayan nan Baba ya rasu, ina Yamai. Har yau aikina ke nan, ina zaune gaban injuna ina rage wa ayyuka jira, kuma an ce na iya. Amma in aka tambaye ni jiran da ya fi tsawo da na taɓa yi a tasha, wancan ne, daga hantsi zuwa la'asar, kuma da za a sake ɗaure jakar nan da ban bari kowa ya kwance ta ba.